Farantin Metiron da Kaset ɗin Asabar

Cikin shekarun da na yi ina metiron, wato mai kula da ɗalibai, a makarantar kwana ta 'yan mata kusa da Tiga, akwai wata Asabar da har gobe ban manta da ita ba. Lokacin bidiyo bai daɗe da shigowa ba. Ƙa'idarmu ita ce duk kaset ɗin da za a nuna wa yara, sai na kalle shi ni kaɗai ranar Alhamis. Ranar Asabar bayan la'asar kuma in zauna gefen talabijin da babban faranti, da an zo wurin rungume-rungume in rufe gilashin har ya wuce.

Na wannan makon na Turawan Ingila ne, na ban dariya. Wata tsohuwa ce mai jin asali, ɗanta ya kawo 'yar mahauci zai aura, ita kuwa ko kofin da yarinyar ta sha shayi ba ta yarda a mayar cikin na gida ba. Sau biyu kawai na ɗaga faranti. Amma duk sanda tsohuwar ta yatsine fuska, sai yara su tuntsire da dariya, su waiwayo wajen Firinsifal, Hajiya Binta.

Dalili kuwa, kowa ya san ɗanta Kabiru yana neman Malama Rabi mai koyar da lissafi, 'yar masuncin Tiga. Hajiya 'yar sarauta ce, ta ce gidanta ba ya ɗaukar ƙarnin kifi.

Da safiyar Litinin ta kira ni ofis.

"Metiron, wa ya kawo kaset ɗin nan?"

"Ranki ya daɗe, a leda na tarar da shi kan teburina."

"Leda ƙafa gare ta? Na san mai wannan aikin. Kafin Juma'a za ta san hanyar Doguwa."

Canjin wurin aiki take nufi, ga Rabi ita ke jinyar mahaifiyarta. Ni ma na ɗan yi zarginta, don na ga ta sunkuyar da kai lokacin dariyar. Na tambaye ta, ta yi rantsuwa har da hawaye. Na tambayi masinja, ya ce direba ne ya ba shi. Na tare direban, Malam Ilu, a gindin darbejiya.

"Malam Ilu, ka ji tsoron Allah, yarinya za ta tafi a banza."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Metiron, Alhaji ne, maigidan Hajiya. A Kano ya saya. Ya ce ya yi magana a gida har ya gaji, bari Bature ya gwada."

Da na faɗa wa Hajiya, sai ta ce in kai mata kaset ɗin gida. Na tafi har da farantina. Ta ce, "Ajiye shi. Mayar mini wurin tsohuwar nan." Ta kalla, ta sake kalla, sannan ta tambaye ni a hankali, "Haka nake yi da bakina?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, naki bai kai nata ba."

Ba a tura Rabi ko'ina ba. Aure kuwa sai bayan damina biyu, kuma da ƙyar.

Ku da kuke aikin yanzu, ku lura: idan ran babba ya ɓaci, zargi kan mai ƙaramin gata yake fara sauka. Kafin ku gyaɗa kai, ku bi sawun ledar tukuna.