Gaba Saboda Majiyar Baba

Ranar wata Talata ce, saura kwana tara babbar sallah, a shekarar da na cika goma sha ɗaya. Ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Tayuri ina kankare ƙanzon tukunya, rana ta take, an ɗauke wuta tun safe, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum uku suka shigo ba sallama, biyu da bindiga. Baba yana kan tabarma da 'yar shara yana gyara rikodarsa. Bai tambaye su ko su wane ne ba. Ya sa riga, ya ɗauki hula, ya nemi takalminsa ƙafa ɗaya ya rasa, domin ƙanena ya yi mota da shi, sai ya zura silifas ɗin Inna ya bi su. Ban yi kuka ba. Na ci gaba da kankare tukunyar har ta yi fes, sannan na jawo wata.

Baba mutumin Damagaram ne, ya zo Sabha ta ƙasar Libiya tun kafin a haife ni. Gyaran injin ban ruwa ne yake ciyar da mu, amma abin da ya fi so a san shi da shi shi ne wakilcin wani ƙaramin gidan rediyo na can gida. Yakan je Jadid, inda leburori suke zaman jiran aiki, ya sha shayi da su, ya dawo ya rufe ɗaki ya karanta rahoto a waya, da wata murya mai sanyi wadda ba da ita yake yi mana faɗa ba. Inna takan tsokane shi cewa aikin nan ko gishiri bai taɓa saya mata ba, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Ni da Sa'a, 'yar maƙwabtanmu, mun haddace maganganunsa tsaf. Mukan ɗaure gwangwanin kifi a kan kara, ɗaya ta riƙe wa ɗaya, mu ba da labarin akuyar da ta ci sabulu, mu rufe da cewa mun samu wannan ne daga wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta. Ba mu san me ake nufi da majiya ba. Ni dai a zatona wata tsohuwa ce mai yawan tsegumi.

Bango ɗaya ya raba gidanmu da gidan su Sa'a, bangon bulo da ba a shafe ba, kuma akwai gurbin bulo guda da ya fita wanda ba wanda ya yi tunanin toshewa. Ta nan gishiri yake wucewa, da garwashi, da kwanon miya, da hirar Inna da Inna Hajo, uwar Sa'a, wadda ba ta ƙarewa. Tare suka zo Libiya a mota ɗaya suna amare, kuma Inna Hajo ce ta yanke mini cibiya. Ni da Sa'a kuwa tare muke ɗebo ruwa a jarka idan famfon unguwa ya tuna da mu, tare muke layin burodi, benci ɗaya muke a makaranta, kuma da ƙwallon dabino muke carafke a bayan aji har malam ya kore mu. Idan an nemi ɗaya a gida an rasa, ba a wahala, leƙawa ake ta gurbin bango.

Mahaifin Sa'a, Malam Sanda, direba ne, yana ɗauko tumatir da albasa daga wata gona a wajen Samnu. Kamar mako biyu kafin a tafi da Baba, da tsakar rana lokacin da unguwa take barci, ya taka jarka ya tsallako bangonmu, abin da ban taɓa ganin babba ya yi ba. Ni na kai musu shayi, don haka na ji. Ya ce mai gonar ya karɓe fasfo ɗin ma'aikatansa yana kulle su, kuma wani saurayi ya yi ciwo ya mutu an binne shi a bayan dabinai, ba a gaya wa danginsa ba. Ya ce a faɗa, amma kada a ambaci sunansa, domin mai gonar yana da 'yan'uwa a katiba, wato masu bindigar da ke tsare hanya. Da ya tafi, Baba ya tambaye ni wa ya zo gidan nan yau. Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba." Rahoton ya fita, leburori suka yi ta tura wa juna a waya, har ya kai kunnen da bai kamata ba.

Bayan an tafi da Baba gidanmu ya cika da masu jaje. A Tayuri ba a lura da wanda ya zo jaje, wanda bai zo ba shi ake lura da shi. Mai ƙosai ta zo, matar liman ta zo, har matar da Inna ta taɓa yi wa gori a kan kaza ta zo. Inna Hajo ba ta zo ba. Tsoro ne ya kama su ita da mijinta, suka rufe ƙofa, suka ɗauka nesanta kansu da mu shi ne tsira, alhali da ta shigo ta zauna kamar kowa da ba wanda ya kalle ta sau biyu. A rana ta uku na ji wata tana raɗa wa wata cewa ina Hajo, ga shi mijinta ma hanyar Samnu yake bi, ai ruwa ba ya tsami banza. Inna ma ta ji. Na ga ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

Washegari da hantsi, lokacin da layin ruwa ya fi cika, Inna ta ɗauki bahon wanki ta fita ta sheƙa ruwan a ƙofar gidan su Sa'a. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ta ce wata guda ke nan tana haƙuri da ruwan wankin da Hajo take turo mata ƙarƙashin bango, ta ce tun kafin a kama maigidanta suke gaba, kuma da ma ta rantse idan Hajo ta tako mata gida jaje sai ta kore ta. Ba ko ɗaya da ya faru a cikin wannan. Inna ce ta ƙirƙira, don mutane su samu dalilin rashin zuwan da ba Samnu ba. Inna Hajo ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallonta, ta ce, "Ni, Rabi?" Sai ta koma ciki. Inna ba ta sanar da ita tun da farko ba, kuma har yau ban sani ba ko Inna Hajo ta gane daga baya. Da yamma Inna ta kwaɓa laka ta toshe gurbin bangon, ta ce mini daga yau ba ni ba Sa'a. Na ce to. Unguwa ta samu sabon abin taunawa, aka manta da hanyar Samnu.

Sau ɗaya aka gwada ni. Wani mutum ya zo cikin farar mota, mai jin Hausar kasuwa, ya same ni ina shanya a waje. Ya miƙo mini alewa ya ce, "Kai yarinya, baba naka yana so gida. Faɗi wane mutum ya zo, yau baba ya dawo." Ƙofar su Sa'a tana bayansa, taku biyar, ina ganin takalman Malam Sanda a bakinta. Ina son Baba ya dawo, wannan ba shakka. Amma ban ji wani kokawa a raina ba, ban ji komai ba ma, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na ce masu kawo gyaran inji ne kawai suke zuwa. Ya tafi, na ƙarasa shanyata, na ba ƙanena alewar.

Wata huɗu Baba ya yi a hannun masu bindigar. Ya dawo a rame, kunnensa na hagu ya daina ji, kuma bai sake rufe ɗaki ya yi waccan muryar ba. Abu ɗaya kawai ya taɓa ba mu labari. Ya ce ya gaya musu cewa a aikinsa ba a ba da sunan wanda ya ba ka amana, sai suka yi dariya suka ce ya nuna takardar da ta ce haka. Ba shi da ita. Na zaci dawowarsa za ta kawo ƙarshen gabar, sai ya ce idan aka shirya yanzu, mai hankali zai lissafa ya gane. Haka muka ci gaba. Shi da Malam Sanda sahu ɗaya suke salla, su fito kowa ya kama gabansa. Sa'a ta koma wani benci, ta samu wasu ƙawaye, ta koyi ɗauke kai idan ta gan ni, kuma ta iya sosai. Bayan shekara biyu Inna Hajo ta rasu wajen haihuwa. Muna jin kukan ta bango. Inna tana tsince shinkafa, ba ta tashi ba, ba ta je gaisuwa ba, unguwa ta yi ta zaginta da taurin zuciya. Ta tsince shinkafar nan sau uku, a ranar ba mu ci abinci ba.

Yanzu ina Damagaram ina koyarwa, Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Wani lokaci ina jin lauyoyi da 'yan jarida a rediyo suna muhawara a kan dokar da za ta hana a tilasta wa ɗan jarida faɗin majiyarsa, wasu su ce akwai ta a wasu ƙasashe, wasu su ce ko akwai ta ba a bin ta. Ina saurara, in ce Allah ya sa, domin na san abin da ake biya idan babu ita, kuma na san ba ɗan jaridar kaɗai yake biya ba. Malam Sanda yana nan da rai a Sabha, yana bin hanyarsa, shi ya sa sunayen da na rubuta a nan ba nasu ba ne. Bara wata 'yar ajinmu ta turo mini lambar Sa'a, ta ce Sa'a tana da 'ya'ya uku, kuma idan aka ambace mu takan ce mutanen da suka ƙi zuwa gaisuwar uwarta saboda ruwan wanki. Ina kewarta, kuma magana ɗaya za ta wanke Inna a wurinta. Amanar ba tawa ba ce, ban kira Sa'a ba.