Yusha'u Mai Koyar da Faɗuwa

A da, kullum da sassafe, tun masu waina ba su ɗora tanda ba, Malam Yusha'u yana filin bayan gidansa a Unguwar Shanu yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. In ya gama, sai ya jera buhunan ƙaiƙayin da ake kawo masa daga Rigachikun, don ɗalibansa su riƙa faɗawa a kai. Na daɗe ina mamakin wannan sana'a, a ce mutum ya shekara ashirin yana koya wa 'yan fim yadda ake faɗuwa.

Da na tambaye shi dalili, sai ya kunna mini wani fim da aka ɗauko daga gem ɗin faɗa, irin wasan nan na kwamfuta. "Duba nan," in ji shi. "Ƙafa ba ta iso ba, mutum ya riga ya sheme. Wanda ya kai dukan kuma fuskarsa kamar mai jiran mota." Na yi dariya har da hawaye, shi ko murmushi bai yi ba. A ganinsa, wanda aka doka shi ke gyara faɗa ko ya ɓata shi.

Samarinmu da gem suka tashi. Sun saba ganin jarumi ya faɗi a sanƙare, ƙeya a ƙasa, ya miƙe garau. Haka Abdurrahim, ɗan wasa daga Kinkinau, ya so ya faɗo daga katanga a fim ɗinsa na farko. Darakta Jibrin ya ce rana na tafiya, a ɗauka kawai. Waɗanda ke wurin sun shaida mini cewa Yusha'u ya tsaya a gaban kyamara ya ƙi gusawa.

"Yallaɓai, ka sallame ni in ka ga dama," in ji shi, "amma wuyan mutumin nan ɗaya ne."

Dole aka ɗage ɗaukar. Kwana uku Yusha'u ya yi yana koya wa Abdurrahim manne haɓa da ƙirji da sauka ta gefe. Ranar ɗauka buhu ya zame, Abdurrahim ya sauka a ƙasa tsura. Ya mirgina yadda aka koya masa, ya tashi da ƙujewa kawai. Jibrin bai sake kiran Yusha'u aiki ba, ko sunansa bai sa a fim ɗin ba, kuma wannan har yau yana yi mini zafi.

Malam, kai ne gatan wanda aka doka. Yanzu da gwiwa ta ce ka huta, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi tsayawa irin tasa. Jiya na ga Abdurrahim zai kai 'yarsa makaranta, tana zaune a wuyansa.