Mai Jigon da Mijinyawa Ya Zana

Mijinyawa na Bodinga ya shekara goma sha biyu yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci, kuma mutum ne mai taƙama da rula, har ta wuce hankali. A 1982, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, masu shago suka daina neman allo. Ana cikin haka wani ofishin gona ya ba shi aikin zane mai motsi na ban ruwan albasa, wanda za a nuna wa ƙauyuka a majigi. Faifan fim ɗaya ya rage musu. In an ɗauka bai yi kyau ba, aiki ya tafi ke nan.

Ya zana manomi da jigonsa na ɗebo ruwan rijiya, guga a ƙasa. Ya zana shi a wata takarda, guga a sama. Tsakaninsu kuwa ya ɗauko rular nan tasa ya raba tazara goma sha biyu daidai wa daida, ya cike takardun.

Kawunsa Arzika, mai lambu a Danchadi, ya karɓi takardun ya kaɗa su da ɗan yatsa, mutumin ya motsa.

"Wanga mutumen naka, gugan shi babu ruwa ciki."

"Kawu, na hwa auna."

"Mi ka auna? Ka taɓa jan jigo?"

Haushi ya kama Mijinyawa sosai. Sati uku yana wannan aiki, ga tsoho ya rushe shi a numfashi ɗaya. Don ya ƙaryata shi kawai ya bi shi fadama, ya kama igiya. Ai kuwa guga ya ƙi tasowa sai da ya yi nishi. A hankali ya taso, ya yi gudu a tsakiya, ya lafa a sama kafin a tuntsurar. Sau talatin ya ja, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba.

Ya koma gida yana ƙunƙuni. Ya matse zanen a farko da ƙarshe, ya buɗe tazara a tsakiya, da ido kawai. A wurinsa wannan ƙazamin aiki ne, amma haka ya miƙa shi aka ɗauka.

Ranar da aka haska majigin a Danchadi bayan sallar magariba, Mijinyawa yana tsaye a baya. Mai jigo ya duƙa a jikin farin ƙyalle, ya ja, guga ya taso da ƙyar. Babu wanda ya yi dariya. Can wata tsohuwa mai suna Laraba, da ke zaune a gaba, ta ɗaga kai ta dubi mutumin zanen.

"Sannu da aiki, bawan Allah," in ji ta.