Tsakuwar da Fosco Ya Zuba wa Baƙuwa

A ƙauyenmu na Poggiolungo, can cikin tuddan kudancin Siena, idan kana son Fosco Bindi ya hana ka cin abincin rana, ce masa hanya ta yi rami. Tun yana saurayi ya kama aikin gyaran hanya a ƙaramar hukuma, da shebur da baro da manjagara, kuma farar hanyar tsakuwar nan da ta gangara daga coci zuwa rafi ita ce rabonsa har ya yi ritaya. Bai taɓa sonta ba. Mu ma kunyarta muke ji. Maƙwabtanmu sun samu kwalta tun muna yara, mu kuwa duk wanda ya je biki cikin gari, kafin ya buɗe baki takalminsa ya riga ya faɗi inda ya fito.

"Rami ɗaya na yi ta cikewa, ruwan sama na tonewa, har na yi furfura," in ji Fosco. "Da jaki aka ba aikin nan, da tuni ya gane ya gudu."

Ana nan sai masu kekuna suka fara ɓullowa. Jamusawa ne da mutanen Holan da 'yan birninmu, cikin matsattsun kaya da hular kwano, a kan kekuna masu kaurin taya, wai hanyar da ba kwalta suke nema. Abin da muka yi shekaru muna ɓoyewa, shi suke tsayawa ɗaukar hoto. Da farko dariya muka yi musu. Daga baya muka fara sayar musu da cuku da man zaitun, muna ce musu ai da gangan muka ƙi kwalta.

Su ne suka dawo wa Fosco da 'yarsa. Ilaria ita kaɗai gare shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarta take Milan tana girki a wani otal. Ta dawo ta buɗe tsohon shagon uwarta da ke gindin coci, tana dafa wa masu keke taliya mai kauri, murzawar hannu. Fosco bai taɓa ce mata ya ji daɗi ba, kullum cewa yake gishirinta ya yi yawa. Amma kowa ya ga ya koma aske gemu kowace safiya.

Sai dai ciniki bai kai ba. Da sanyi ya shigo shagon ya zama kango, otal ɗin kuma na ta kiranta a waya. Abu ɗaya ya rage: wata ƙungiyar masu keke na shata sabuwar hanya da za a kafa wa alamomi, kuma wata mata mai suna Vanna za ta zo ta taka tamu ta gani. Idan hanyar ta biyo ta ƙauyenmu, Ilaria ta zauna. Idan ta bi ta wajen maƙwabta, sai Milan.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka," Ilaria ta ce masa. "Don Allah kada ka taimaka."

Ya ce to. Amma mu al'adarmu ce, baƙo mai daraja sabuwar tsakuwa ake zuba masa. An zuba wa bishof, shugaban limaman coci, ana zuba wa amare, har gawar mai kuɗi an zuba wa. Fosco ya tsaya ya dubi hanyarsa: ta yi sanƙo, tayoyin shekaru sun daddale ta ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. A ce baƙuwa ta gan ta tsirara haka, kuma da ransa? Ya tafi wurin Nedo, abokinsa tun na makaranta, mai tipa a mahaƙar dutse.

"Nedo, 'yata ce a ciki. Kada ka yi mini rowa."

"Kai dai nuna mini wurin juyewa, tsoho."

Ranar da Ilaria ta tafi cefane Siena aka yi aikin, kuma kada in ɗora wa Fosco shi kaɗai, duk ƙauye muka fito. Mai gidan burodi ya zo da shebur, limamin coci ya tuɓe riga. Muka baza tsakuwa har tana shanye idon sawu, fara tas tun daga coci har gada. Da Ilaria ta dawo ta babbar hanya, ba ta wajen gada ba, sai ta tarar kowa na yi mata murmushi, ta rasa dalili.

Washegari muka jeru a kan katangar coci cikin kayan Lahadi. Can ƙasa Vanna ta haye gada da gudu, ta shiga tsakuwarmu, keken ya tsaya cik. Ta sake hawa, tayar baya ta yi ta juyi a wuri ɗaya. A ƙafa ta iso, tana tura keke, jiƙe sharkaf da gumi.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Fosco ya matso gaba, ya cire hula, ya turo ƙirji. "Ni ne, ranki ya daɗe. Ba sai kin yi godiya ba."

Ta dube shi ta dubi hanya. Ta ce a watan da ya wuce ta bi ta nan ita kaɗai, kuma a duk yankin ba ta ga hanya mai daɗin tamu ba. Yanzu kuwa mai hawa ba zai hau ba, mai gangarowa kuma sai dai a kwashe shi. Kafin tsakuwar nan ta zauna sai ta sha ruwan shekara biyu. Ta ce za ta sake leƙowa sau ɗaya kafin a kafa alamomi a ƙarshen lokacin zafi, amma kada mu sa rai.

Ilaria ta juya ta shige shago. Ta zuba wa baƙuwa abinci, ta wanke kwanuka, ta rufe shago tun da sauran rana. Da faɗa ta yi masa, da Fosco ya fi samun sauƙi. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka binne matarsa.

Da safe ya ɗauki manjagara da baro ya gangara gada, ya fara kwashe abin da ya zuba. Mu da muka taya shi zubawa, nan take kowa ya tuna gonar inabinsa na neman feshi. Nedo ne kaɗai ke tsayawa, shi ma ba don aiki ba.

"Fosco! In ƙaro tipa ɗaya?"

"Ƙaro, ka juye a kaina, kowa ya huta." Ya dafa ƙugu. "Ka ga ikon Allah. Da, hukuma na biyana in zuba. Yanzu kyauta nake kwashewa. Ilimina ƙaruwa yake yi."

Haka ya yi ta yi cikin rana, bayansa na ƙara, hannunsa duk bororo, ya fara da sanyin safiya ya tashi in ƙararrawar coci ta buga tsakar rana. A gida in suna cin abinci da Ilaria, ba ya ko maganar gishiri. Bai kai ko rabin hawan ba.

Wata safiya ya ji ƙarar taya a bayansa. Ilaria ce a kan keken aro, ta zagayo ta gada, ta biyo wurin da ya share har inda ya ƙare. Ta sauka tana haki.

"Baba, wannan faɗin wa kake share wa? Bas?"

"Hanya ai hanya ce."

"Keke ne zai bi. Kamu biyu ya isa. A haka sai jikokina su ƙarasa maka."

Ta karɓe manjagarar daga hannunsa, ta fara jan siririn layi a tsakiya. Fosco ya tsaya yana murza hula, tambayar da ya yi kwanaki yana haɗiyewa ta fito da kanta.

"Milan fa?"

"Sun ce in ba su amsa kafin Litinin ɗin da ta wuce."

"To?"

"Yau Laraba ce, Baba. Matsa, kana taka mini layi."

Daɗi ya kama shi. Ya zauna a bakin baro, baron ya kife da shi, tsakuwar da yake ta kwashewa tun sanyin safiya ta koma kan hanya.