Ranar da Na Yafa Abaya a Gidan Kifaye

Ku da kuka zo shagon nan bayana, ku saurara. Har yau ban manta da ranar da aka tura ni hoton ƙandil ba.

A lokacin, aikina a nan unguwar Malaz hoton iƙama ne, wato katin zaman baƙi, da na fasfo, kuma na daɗe ina son a fara tura ni aikin waje. Wani gidan nuna kifaye ya nemi hotunan talla, mudir ɗinmu, wato manajan shago, Abu Fahad ya ce in gwada. Ƙandil halittar teku ce mai siffar lema, ba ƙashi, jikinta kamar leda a ruwa. A tankin gilashi take, cikin ɗaki mai duhu, kuma an hana kunna fitilar kyamara.

Zuwan farko, kowane hoto ya fito da wani farin dishi-dishi a tsakiya. Abu Fahad ya ce, "Ya Sabo, wannan kifi ne ko aljani? Gobe in ba su fito ba, khalas, ka koma kan fasfo."

Washegari na bi abin daki-daki. Na farko, na goge gilashin tankin. Na biyu, na goge idon kyamara. Na uku, na kafa ta a kan ƙafafunta don kada hannu ya girgiza. Farin nan yana nan.

Ina tsaye sai wata mata cikin baƙar abaya ta ɗauki hoton ƙandil da wayarta. Na hango hoton, tas. Na dubi ƙirjina. Farar jallabiyata ce, wadda ta sha guga, gilashi ke dawo mini da ita.

Na nufi Hajiya Ladi, Bakatsiniya mai shara a gidan, na roƙi abayar da take ratayewa in ta sa kayan aiki.

"Malam Sabo, da gemun naka? Gidan wa za a kai amaryar?"

"Hajiya, ki ba ni. Aiki ne."

"To, ka dawo mini da ita ba warin zufa."

Na lulluɓa har kai, idon kyamara kaɗai a waje. Mai gadi ya zaci mace ce ta tare tanki, ya zo kora ta, na buɗe fuska, ya yi dariya har da dafa bango. Na mayar da lulluɓina. Na jira ƙandil ta buɗe lemarta, na danna, na sake dannawa.

Abu Fahad ya daɗe yana kallon hotunan, sannan ya ce, "Jibi akwai wani aikin. Kai za ka je."

Abin da na koya shi ne, kafin mai hoto ya zargi kyamara, ya fara duba abin da shi kansa ya kawo gaban gilashi. Shi ya sa kowace jakar shagon nan ke da baƙin yadi, kuma ba na jin uzurin wanda ya fita babu shi. Hajiya Ladi kuwa har yau amarya take kirana, ina kuma amsawa.