Ɗantala Ya Maimaita Shekara

A tashar motar Bolari babu wanda bai san Ɗantala ba. Shi ne ɗan kamashon da in ya kira Bauchi, sai mai niyyar zuwa Biu ya tsaya yana tunani. Ya gama firamare tun yana yaro, sannan ya bi kawunsa tasha, ya zauna. Baki ne jarinsa, kuma bai taɓa karyewa ba.

A shekarar 1976 gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga makaranta kyauta. Yara suka cika gari, malamai suka yi kaɗan, aka shiga neman duk mai takardar firamare a koya masa koyarwa. Ɗantala ya wanke farar rigarsa, ya hau keke, ya tafi kwalejin horon malamai aka rubuta sunansa.

Wadda take koya musu dabarun koyarwa ita ce Malama Hilda, 'yar Billiri, gajera mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta gaya musu abin da take so: kowa ya zo aji kullum, ya yi magana a aji, ya rubuta maƙala kafin ƙarshen zango, sannan jarrabawa. Wanda fashinsa ya yi yawa ba zai zauna jarrabawarta ba.

Ɗantala sharaɗi na biyun kawai ya ji, na yin magana a aji. Ya juya wurin abokin zamansa, wani Bafulatani mai suna Joda, ya ce, "Ashe har maki ake bayarwa a kan surutu. Na zo gida."

Tun daga ranar hannunsa bai sauka ba. Ko ya san amsa ko bai sani ba, sai ya miƙe, ya fara daga nesa, ya bi ta labarin wani direba, ya dawo. Wani lokaci har a dace. Malama Hilda takan bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Mun gode, Ɗantala. Yanzu a bar Joda ya ce wani abu." Joda kuwa sai ya miƙe ya dubi ƙasa, ya koma ya zauna.

Lokacin kakar auduga ya zo, motoci suka cika tasha, tsofaffin abokai suka fara aiko masa. Ya ce yini ɗaya ba zai ɓata komai ba. Yini ɗaya ya haifi 'yan'uwansa. Da lokacin maƙala ya matso, ya je ya sami Joda da tsire a takarda.

"Hannunka ya fi nawa kyau. Ka taimaka ka rubuta min."

Joda ya ci tsiren tas, ya goge hannu, ya ce, "Ba zan rubuta ba. Amma zauna ka faɗa min abin da za ka ce, in ka faɗi jimla ɗaya ka yi shiru ka rubuta ta. Ni kuma ka koya min yadda ake tsayawa gaban mutane ƙafa ba ta rawa."

Haka suka yi a gindin wata darbejiya bayan aji. Maƙalar ta fito, da gyare-gyare kamar kaza ta yi tono, amma tasa ce. Malama Hilda ta karanta, har ta yi murmushi. Sai dai ranar jarrabawa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗantala, ka san abin da na faɗa ranar farko."

"Malama, ranakun da na zo ai na yi maganar mutum uku."

"Ka yi. Amma kujera ɗaya gare ka, kuma ta daɗe babu kowa a kanta. In ka zama malami, yaran da ka bari a aji wa zai zauna da su?"

Ɗantala ya juya. Ya tura kekensa har gida bai hau ba. Abin ya yi masa ciwo, musamman da ya ji Joda ya haye, har an yaba masa yadda ya yi bayani a gaban allo.

Ya maimaita shekara. Ya je tasha ya yi sallama da mutane, suka yi ta tsokanarsa suna kiransa malamin malamai. A sabon ajin shi ne babba, kuma shi ke fara zuwa. Hannun dai bai daina tashi ba, amma ya koyi jiran a kira shi. Ya ci jarrabawa da maki na tsaka-tsaki, ya ce ya gode Allah.

Aka tura shi wata firamare a unguwar Nasarawo. Ajinsa ba a gama gininsa ba, don haka ya jingina allo a jikin bishiya, yara suka zauna a ƙasa. Kafin mako ya ƙare, mata masu dawowa daga kasuwa sun fara tsayawa da kwandunansu a kai, suna sauraron yadda yake koyar da lissafi. A makarantar ya zauna har ya yi furfura.