Goribar Baffa

Hawan jini gadon gidanmu ne. Baba yana da shi, wansa Baffa yana da shi, ƙwaya iri ɗaya ake ba su a asibiti. Sai wata shekara Baffa ya fara jiƙa garin goriba yana sha safe da yamma, aka auna shi aka ce jinin ya sauka. Shi ke nan muka shiga uku. Ko tari ka yi a gabansa, goriba.

Ranar nan ya tarar da Baba a tsakar gida zai sha magani.

"Kai har yanzu ƙwaya kake tsattsaga kamar kaza?"

"Yaya, an ce kar in fasa."

"Nono ɗaya muka sha, kai. Abin da ya yi mini zai ƙi yi maka ne?"

Baba bai taɓa musu da wansa ba, ko a kan layin ban ruwa. Ya ajiye ƙwaya. Ni aka bar wa dakan, ga goriba taurin tsiya, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Da na matsa wa Baba muka koma awo, jinin yana nan, har ya ƙaru. Ma'aikaciyar asibitin ta ce abin da ke cikin goriba, wani jikin yana sarrafa shi ya amfana, wani kuwa fitar da shi yake yi kamar bai sha ba, ko da ciki ɗaya suka fito. Ta ce ya koma kan ƙwayarsa yau yau.

Na maimaita wannan a gaban Baffa. Ya yi dariya.

"Oh, an gama sakandare, an zama likita! A ninka masa kofin."

Aka ninka.

Lokacin dashen shinkafar rani Baba ya sunkuya zai buɗe wa gona ruwa, ya kife a kan kunya. Masu dashe suka kawo shi a amalanke, duk taɓo, baki ya karkace, ɓarin hagu ya mutu.

Baffa ya zo dubiya, ya leƙa kofin, ya juyo kaina.

"Ke, tacewa kike yi?"

"Yadda ake tace taka, Baffa."

"To ga shi nan! Ai ƙarfin a dusar yake. Kin zubar da maganin kin ba ubanki ruwa."

Umma ta sunkuyar da kai. Ni na ce ƙarya ne, a gaban mutane, aka ce ba ni da kunya.

Gonar tana hannun Baffa yanzu, wai kafin ƙaninsa ya warke. Shi Baffa lafiyarsa lau, da ƙafa yake zuwa Bunkure cin kasuwa. Baba kuwa hannun bai dawo ba, maganar ma sai Umma ce ke ganewa. Amma ya ji abin da wansa ya faɗa, kuma ya yarda. In na kawo masa ruwa sai ya juya fuska bango, ya jira Umma ta gama abin da take yi.